Ƙulli a Bakin Mayafin Falha

"Ba zan matsa ba, Baffa."

Falha ta faɗi haka tana tsaye a bakin wani ƙaramin kogo da ke fuskantar tsohon ginin da ake kira Dair, ta ware hannuwa ta dafa dutse dama da hagu. A bayanta, cikin duhun kogon, wani Bature ne durƙushe, ya riƙe gefen mayafinta gam. A gabanta kuwa Baffa Huwaimil ne, ƙanin mahaifinta, riƙe da sandar korar alfadari, hannuwan rigarsa sun jiƙe da jini har gwiwar hannu. Ɗansa Miflih na gefensa, ya naɗe sarƙar ɗaurin jaki a hannun dama, ragowarta na jan ƙasa.

"Ban ji ba," in ji Baffa. "Sake faɗi."

"Ka ji, Baffa. Kunnuwanka lafiya lau suke."

Rana ba ta daɗe da leƙowa ta saman duwatsu ba. Haskenta ya taɓa saman Dair kawai, sauran ginin da aka sassaƙa cikin dutsen yana cikin inuwa, kuma duk filin babu kowa sai su huɗu.

Sa'a biyu kafin nan, Falha ta tarbi Baturen a ƙofar shiga Petra, tsohon birnin nan na cikin duwatsu, ƙarfe shida daidai. Sunansa Duarte, mutumin Fotugal, mai kimanin shekara arba'in, da tabarau da ƙatuwar jaka a baya. Ya ce mata so yake ya ga Dair kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su iso, shi kaɗai, ba kan kowa a cikin hotonsa. Falha ta yi shekara huɗu a jami'a tana karanta ilmin kayan tarihi, shekara uku kuma ke nan tana yi wa baƙi ja-gora, don haka ta san irin jakar nan. Ta tambaye shi ko akwai ɗan jirgin nan na ɗaukar hoto a ciki, ta ce an hana tashinsa a nan. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce babu.

Suka ratsa kwazazzabo, suka wuce ginin Hazna, suka kama matakalan nan ɗari takwas masu hawa zuwa Dair. A tsakiyar hanya suka cim ma yayanta Uƙla yana haurawa da alfadararsa, an ɗora mata jarkokin ruwa na masu shayin can sama. Uƙla bai wuce aji shida ba. Shi ne ya yi ta hawa da saukar matakalan nan sau huɗu sau biyar a rana bayan rasuwar mahaifinsu, don Falha ta zauna a aji. Ranar da ta karɓi takardar digiri ya raɗa wa alfadarar suna Farfesa, ya ce ai tare suka yi karatun.

"Malama, ina kwana?" ya ce da ita. "Ga abokiyar karatunki na gaishe ki. Ta ce yaushe za a ba ta nata digirin?"

"Ka ce mata sai ta daina yawo da marasa wanka."

"Kin ji ko, Farfesa? Ƙanwata ce fa, ni na goya ta." Ya dubi Duarte da ke haki. "Wannan baƙon naki zai kai sama da rai kuwa? In bai iya ba a ɗora shi bisa jarka."

Ya yi gaba yana 'yar waƙarsa, kofatun Farfesa na ƙwanƙwasa dutse.

Da suka zauna hutawa, Duarte ya tambaye ta game da mutanenta, 'yan Bidul, waɗanda suka zauna cikin kogunan nan kafin a mai da su ƙauyen Umm Saihun. Ta ba shi labarin da take ba kowane baƙo, don ta san suna son sa. Ta ce a wurinsu, in mutum ya yi laifi, ko da jini ya zubar, in ya samu ya kama bakin rawani ko mayafin wani ya ƙulla, ya ce, "Na shiga fuskarka," to shi ke nan, ya zama dakil, wato mai neman mafaka. Wanda aka ƙulla wa dole ya tsare shi kwana uku da sulusi, har tafasar jini ta lafa, a kai shi inda za a yi masa hukunci. Wanda ya taɓa shi, fuskar mai tsaronsa ya yanka, wato mutuncinsa ya keta. Duarte ya ce ta koya masa kalmomin. Ta koya masa, ya yi ta maimaitawa da karkataccen Larabcinsa, tana dariya.

Da suka kai sama ta bar shi yana kallon ginin baki buɗe, ta zaga bayan rumfar shayi, wadda ba a buɗe ba tukuna, don ta hura wuta ta ɗora buta. Uƙla ya riga ya sauke jarkokinsa ya juya. Tana tsugune tana karya ƙirare sai ta ji wani gunji kamar an tashi gidan rina. Ta fito da gudu. Ga ɗan jirgin can sama, ga Duarte da abin sarrafawa a hannu. Ta daka masa tsawa. Ko tsawar ce ta firgita shi, ko iskar bakin dutse ce ta kwashe abin, ba ta sani ba har yau. Jirgin ya yi tangaɗi, ya zunduma ƙasa ta wajen matakala, daidai matsatsin nan da ke da bango a hagu, rami a dama, inda Uƙla ke jan Farfesa.

Daga inda take ta ga kome. Abin ya wuce ta saman kunnuwan alfadarar yana gunji. Farfesa ta miƙe a ƙafafun baya. Uƙla bai saki linzami ba, ai bai taɓa sakin ta ba. Suka tafi tare.

Ta ji ihun Baffa Huwaimil daga ƙasa, don shi da Miflih suna tafe da jakunansu ba nisa. Ta zabura za ta gangara, sai ta ji an fizge ta ta baya. Duarte ne. Ya hango Miflih na haurowa, matakala uku uku, yana kwance sarƙa. Ya tattara bakin mayafinta ya ƙulla, ya ja ƙullin da ƙarfi, ya faɗi kalmomin da ta koya masa, bai tsallake ko ɗaya ba.

Ta kwaɗa masa mari har tabaransa ya yi tsalle ya faɗi kan dutse. Ta sake kwaɗa masa wani. Amma da ta duba, ƙullin na nan. Ta ja shi ta jefa cikin kogo, ta tsaya a bakin. Ta samu ta buga wa 'yan sandan da ke gindin dutsen waya, ta ce a taho da gadon ɗaukar majinyaci, kafin Miflih ya iso ya doke wayar daga hannunta ya taka ta da dunduniya.

Shi ya kawo su inda suke yanzu.

"Yayanki na da rai," in ji Baffa Huwaimil. Muryarsa ta dishe. "Yana kan tsaunin nan da ke ƙasan hanya. Cinyarsa ta tsage, jini na tsartuwa kamar an yanka rago. Na bar maƙwabcinku Sattam a kansa yana dannewa da rawani, jinin ba ya tsayawa. Ke ce kika yi kwas ɗin tsayar da jini. Je ki. Ki bar mana wannan."

Ƙafafunta suka so tafiya da kansu. Ta ƙara danna tafin hannunta a jikin dutse.

"Zan tafi yanzun nan. Ka rantse da Allah ba za ku taɓa shi ba har 'yan sanda su iso."

Baffa ya gyara riƙon sandarsa.

"Rantse, Baffa. Kalma ɗaya ce."

Ya kau da kai ya tofar da yawu.

"Ji mana 'yar boko!" in ji Miflih. "Ɗan'uwanta na zubar da jini, ita tana gadin karen da ya jefa shi rami. Me ya ba ki ne, Falha? Alkawarin kai ki ƙasarsu ya yi?"

"Ka wanke bakinka, Miflih. Dubi nan." Ta ɗago bakin mayafin. "Ya ƙulla, ya kuma faɗa. Yana cikin fuskata."

"Wasan yara!" Baffa ya buga sandarsa a ƙasa. "Tatsuniyar da kike yi wa Turawa don su yi dariya, ita za ki ɗaure ni da ita? Wannan ya san abin da ake nufi da fuska? Ko sunan kakansa bai sani ba."

"Bai sani ba. Ni na sani. Kai ma ka sani."

"Ke mace ce. Gidan ɗan'uwana akwai maza."

"Mahaifiyarka ma mace ce. Ko ba kai ne kake ba da labarinta a kowane biki ba, har yara sun haddace? Yadda mutumin da ya sari mijinta ya kama turken tantinta, ta tsaya da taɓarya ta hana 'ya'yanta shiga? Kana faɗa kana shafa gemu. Ashe daɗin baki ne kawai, Baffa? Ashe don a sha gahawa ne?"

Jijiyar wuyansa ta tashi. "Jinin Uƙla ne a hannuna, yarinya. Dube shi."

"Na gani. Ni ma jinina ne. Da za a ba ni wuƙa a ce babu ƙulli, da kafin ku hauro na gama da shi. Amma akwai. Ku ba mu hanya mu gangara tare, ni da shi. Duk tsayuwar nan da muke yi, daga jikin Uƙla take fita."

"To matsa!"

"Ku dai ku matsa."

Ba wanda ya motsa. Daga can ƙasa muryar Sattam ta taso tana amsa kuwwa a jikin duwatsu, yana kiran sunanta. Falha ta gane cewa Baffa ba zai rantse ba, ba kuma zai kauce ba, zai tsaya nan har rana ta take, yana jiran zuciyarta ta karye. Ta juya kanta kaɗan ta yi wa Duarte magana da Turanci, ba ta dube shi ba.

"Tashi. Ka kama ɗamarata. In mun fita, kai ne a gaba, ni a baya. Ka bi bango. Kome ka ji, kada ka tsaya, kada ka waiwaya. In ka sake ni, ka mutu."

"Ki yafe mini," ya ce yana kuka. "Ban yi nufin..."

"Rufe mini baki."

Suka fito.

Sarƙar Miflih ta fara sauka tun ba su yi taku uku ba. Ta wuce ta saman kafaɗar Falha ta sami Baturen a baya, ya yi ƙara kamar ɗan akuya. Falha ta juya da shi, ta sa jikinta a tsakani. Baffa ya zago ta hagu, ya kai sanda ta ƙarƙashin hannunta, ta sami Duarte a haƙarƙari. Baffa na auna dukansa, yana neman inda babu ita, don ya san abin da ake cewa game da namijin da ya daki 'yar ɗan'uwansa a fili. Miflih kuwa idonsa ya rufe, ba ya auna kome.

Filin gaban Dair ba shi da faɗi sosai, amma a ranar ya yi mata kamar hamada. Suna tafe suna juyi, ita tana tura Baturen da bayanta, tana karɓar abin da ya zo. Sarƙa ta same ta a cinya. Ta same ta a kafaɗa. Ta ji rigarta ta yage, iska mai sanyi ta shiga wurin da zafi.

"Kauce, Falha! Wallahi zan haɗa da ke!"

"Ai ka riga ka haɗa, jarumi. Ƙara! A je a faɗa a Umm Saihun Miflih ya ci yaƙi!"

Suka kai bakin matakala. Nan hanya ta matse, mutum ɗaya take ɗauka. Ta tura Duarte gaba, ita kuma ta juya tana sauka da baya, fuskarta na kallon 'yan'uwanta, dugaduganta na laluben kowane tudu. Ta san matakalan nan tun tana tallar duwatsu masu launi a kansu, ta san wanda ya zaizaye, ta san wanda ya karkace. Yanzu ba su da ta inda za su zaga. Wanda duk ke son Baturen sai ya bi ta kanta.

Miflih ya sunkuya ya ɗebi duwatsu. Na farko ya wuce. Na biyu ya sami Duarte a ƙeya, ya kife a kan matakala, ƙafafunsa na zamewa wajen rami. Falha ta faɗa kansa, ta cafko wuyan rigarsa, ta rufe kansa da hannunta na hagu. A kan hannun nan sarƙa ta sauka, da dukan ƙarfin Miflih.

Ta ji ƙarar karyewar kafin ta ji zafin, kamar an taka busasshen kara. Sai kuma zafin ya zo, ya cika mata baki da ɗaci. Ba ta yi ihu ba. Ta ciji leɓenta har ta ji gishirin jini. Baffa, wanda ya riga ya ɗaga sanda yana nufin kan Baturen, bai iya tsayar da ita ba, ta sauka a kunnen Falha na hagu. Duniya ta yi shiru ta gefen nan, sai wani dogon fito.

Ta miƙe a hankali. Jini na gangarowa daga kunnenta yana shiga wuyan riga. Hannunta na reto, yatsu biyu sun juya inda bai kamata ba. Ta ɗaga hannun ta kai shi gab da fuskar Baffa.

"Ga shi, Baffa. Ka yanki fuskar gidan ɗan'uwanka. Saura me?"

Baffa Huwaimil ya dubi hannun, ya dubi sandarsa. Ya sauke sandar. Miflih ya sake ɗaga sarƙa, sai tsohon ya sa ƙirji ya tare shi, ya maka shi da bango.

"Ya isa!"

"Baba, Uƙla fa..."

"Na ce ya isa, ɗan jaka! So kake in rasa biyu a rana ɗaya?"

Falha ba ta jira ta ga ƙarshen wannan ba. Ta shuri Duarte a ƙafa. "Tashi. Tafi."

Daga matsatsin zuwa tsaunin da Uƙla ya faɗa akwai wata siririyar hanyar awaki. Ta gangara da gindi, hannu ɗaya, Baturen na gabanta yana rarrafe, jini na ɗiga daga gashinsa. Can ƙasa sosai ta hango Farfesa kwance a tsakanin duwatsu, wuyanta a karye.

Uƙla na kwance rigingine. Sattam, maƙwabcinsu, ya durƙusa a kansa ya danna rawani a kan cinyar da hannu biyu, rawanin ya zama baƙi, jinin ya malale a kan dutsen har ya sami hanyar gangara. Fuskar Uƙla ta koma launin toka. Da Sattam ya ga wanda ta zo da shi, ya yunƙura zai tashi.

"Kada ka ɗaga hannunka!" ta ce. "Danne! Wannan a fuskata yake."

Ta tura Duarte cikin lungun dutse ta ba shi baya. Ta duba raunin, ta gane nan take: dannewa ba za ta yi ba, sai an ɗaure daga sama. Ta duba hagu da dama, babu igiya, ɗamarar Uƙla ta tsinke a faɗuwa. Ta sa hannun dama ta warware mayafinta. Gashinta ya zubo a gaban maza, abin da ba a gani ba tun tana 'yar shekara sha ɗaya. Sattam ya sunkuyar da kai. Ta zura mayafin ƙarƙashin cinyar, can sama kusa da kwankwaso, ta kama baki ɗaya da haƙori, ta ja ɗayan da hannu.

Baffa da Miflih suka diro kan tsaunin.

"Ba ni sandar," ta ce, ba ta ɗago ba.

Baffa ya miƙo. Ta cusa ta cikin ɗaurin.

"Murɗa, Baffa. Hannuna ba zai iya ba. Murɗa har sai na ce ka bari. Zai yi ihu, kada ka saurara."

Tsohon ya durƙusa cikin jinin ya murɗa. Uƙla ya ƙwalla ƙara, bayansa ya banƙare. Baffa ya ci gaba da murɗawa, hawaye na bin gemunsa. Sau huɗu, sau biyar. Tsartuwar ta ragu, ta koma ɗiga, ta tsaya.

Uƙla ya buɗe ido. Ya daɗe yana neman fuskarta kafin ya same ta.

"Malama," ya ce, da ƙyar ake ji. Ta juyo da kunnenta na dama. "Kin daɗe."

"Na zo, Yaya. Ga ni."

"Wa ya yi miki haka a fuska?"

"Faɗuwa na yi."

"Ke ma? Gidanmu dai..." Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi. "Farfesa fa?"

"Tana nan. Tana hutawa."

Hannunsa ya lalubo cinyarsa, ya taɓa mayafin, yatsunsa suka bi gefensa har suka tsaya a kan ƙullin. Ya murza shi. Ya juya ido a hankali zuwa lungun da Baturen ke maƙure.

"Shi ne?"

"Shi ne."

Ya dubi ƙullin, ya dube ta. Ta jira. Baffa ma ya jira. Uƙla bai ce ta kyauta ba, bai kuma ce ta cuce shi ba. Ya rufe ido, ya ce yana jin sanyi. Miflih ya tuɓe rigarsa ya lulluɓa masa, ya zauna a gefe yana kuka kamar yaro, sarƙar na nan a hannunsa.

'Yan sanda uku da ma'aikatan agaji biyu suka iso bayan rabin sa'a, suna haki. Aka ɗora Uƙla a kan gado, maza shida suka ɗauka. Falha ta bi su a baya, kai ba lulluɓi, Duarte na riƙe da ɗamararta har yanzu. A kan hanya suka fara haɗuwa da 'yan yawon buɗe ido na farko suna haurawa, suna matsawa jikin bango, wasu na ɗaga waya. Labari ya riga su sauka. A gindin dutsen masu jakuna da alfadarai sun taru, sun fi ashirin, wasu da sanduna. Aka fara matsowa.

Baffa Huwaimil ne ya ɗaga murya, bai dubi Falha ba.

"Yana cikin fuskar 'yar ɗan'uwana. Wanda ya taɓa shi, da ni zai yi."

Suka buɗa. Ta kai Duarte har ƙofar motar 'yan sanda, ta ɓanɓare yatsunsa daga ɗamararta ɗaya bayan ɗaya, ta ce da babbansu, "Ga shi nan da ransa. Na fita." Baturen ya buɗe baki zai yi magana. Ta juya masa baya.

Da ta isa wajen motar asibiti, sai ta ga an daina sauri. Ma'aikacin agajin ya ja rigar Miflih ya rufe fuskar Uƙla. Ya cika ne a matakalan ƙarshe, ba wanda ya lura sai da aka sauke gadon.

An yi zaman makoki kwana uku a Umm Saihun. Falha ta fito daga asibiti a rana ta biyu, hannu a ɗaure, ta shiga ɗakin mata ta durƙusa a gaban mahaifiyarta. Inna ta dubi bango. "Sattam ya ce yana ta kiran sunanki," ta ce. Ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake yi mata magana ba a shekarar nan. Dattawa suka zauna a kan lamarin, suka ce yarinyar ta yi abin da al'ada ta ce, babu laifi a kanta. Sun faɗa ne suna kallon kofunan gahawarsu. A da, wanda ya tsare dakil har ƙarshe ana ɗaga masa farar tuta a kan gida. Ba wanda ya ɗaga mata kome.

Ta je ta tambayi likita ko da ta iso da wuri da Uƙla ya rayu. Ya ce jinin da ya zuba da yawa ne, akwai kuma rauni a ciki, ba zai iya cewa e ko a'a ba. Ta koma Dair ita kaɗai da agogo a hannu, ta yi gudu daga bakin kogon zuwa tsaunin. Minti huɗu. A ranar nan minti ashirin da biyar ta yi.

An yi wa Duarte shari'a, daga baya ya koma ƙasarsu. Ya aiko mata da wasiƙa sau biyu, ta mayar ba ta buɗe ba. Ta bar gidansu ta kama ɗaki a garin Wadi Musa, ta ci gaba da aikinta. Har yanzu tana hawa da baƙi da sassafe, amma sai ta zazzage jakar kowa da hannunta a ƙofar shiga, wanda ya ƙi, ya nemi wani ja-gora. In suka zo matsatsin nan takan ce su bi bango, ba ta ƙara kome.

Wata rana Miflih ya tare ta a kan matakala, ya tambaye ta ko da za a maimaita ranar, za ta matsa. Ta sa ya sake faɗa ta kunnen dama. Ta ce a'a.

Ta tsare mutumin da ta tsana har ta miƙa shi da ransa. A kan haka ta rasa jin kunnenta na hagu, yatsu biyu sun daina lanƙwasuwa, ɗakin mahaifiyarta ya rufe mata, kuma yayan da ya yi mata kome ya kwanta a kan dutse yana kiranta minti ashirin da ɗaya fiye da yadda ya kamata.